Huda a Bangon Yaya

Sai da bakin injin huda ya fasa bangon sannan kafintan ya gane ya yi kuskuren awo. Ramin da ya huda don bututun esi, na'urar sanyaya ɗaki, bai ɓulla ta bayan ɗakin aikinsa ba. Tsakar gidan yayansa ya ɓulla, wanda tun ranar da suka raba gidan gado ko gaisuwa ba ta haɗa su.

"Toshe ka huda wani wajen," in ji matarsa, "kafin ya tara mana jama'a."

"Ina? Na riga na ɗaure na'urar a nan."

Ya goge zufa, ya fara tura bututun jan ƙarfen a hankali. Ya san in babu mai tarbarsa ta can, zai lanƙwashe ya tsage, aikin ya tashi a banza. Roƙo kuwa ba zai yi ba.

Sai ya ji nauyin ya bar hannunsa. Ana ja daga can.

"Autan Inna," muryar yayan ta biyo ramin, "har yau ba ka iya awo ba? Turo, na riƙe."