Kaset ɗin Tsohuwar Zabiya

Na karanta hirar da kika kawo, malama, na kuma ga wuraren da kika goge wa mutumin maganarsa kika sa taki don ta fi tsari. Ajiye biron tukuna in ba ki misalin wani da ya riga mu a wannan sana'a.

Ɗan jarida ne, shekara talatin yana bin mawaƙa da 'yan fim, daga gidan biki zuwa wurin ɗaukar shiri, da 'yar rikodarsa a aljihu. Daga baya ya koma rubuta tarihin rayuwarsu, kuma Allah ya ba shi hannu. In ya rubuta mutum, mutumin kan karanta ya yi mamaki, don bai san ya kai haka ba. Kada ki ɗauka maƙaryaci ne. Tausayi ne ya yi masa yawa, ba ya iya ganin tabo a jikin wanda yake so bai shafa masa mai ba. Wata rana wata tsohuwar zabiya, wadda a zamaninta biki ba ya amsa sunansa sai da ita, ta aika a kira shi ya rubuta nata tarihin. Ciwo ya riga ya ci ƙarfinta. Ta ce ba don suna take son littafin ba, suna kam ta samu har ya ishe ta. Tana da ɗa a Damagaram, kafinta, ya haura arba'in, wanda ta bar wa yayarta tun yana goye ta bi makaɗa. Tun da ya yi wayo bai taɓa amsa sallamarta ba, ɗan aike ma ba ya saurara. Ta ji an ce yana son karance-karance, shi ne take fatan takarda ta shiga inda ƙafarta ta kasa shiga, ko ya yafe mata.

Wata uku yana zuwa gidanta, tana magana tana tari, shi kuma yana canza kaset. Ranar da suka zo kan yaron ba ta ɓoye komai ba. Ta ce babu wanda ya kore ta, ba kuma yunwa ba ce, waƙar take so. Ta ce tana jin kukansa har ta sha kwanar layin, nono na zuba ya jiƙa mata riga kafin ta kai tasha, amma ba ta waiwaya ba. Ta ce laifin nata ne ita kaɗai. Da ya zauna rubutu sai maganar ta yi masa nauyi, ya ce a ransa yaya zai tona asirin uwa a gaban duniya. Sai ya rubuta cewa ƙaddara ce ta raba ta da ɗanta, ta sadaukar da farin cikinta don ta faranta wa jama'a. Shafi biyu ne, da Hausa mai daɗi, ni kaina na karanta na yaba. Littafin bai fito ba sai bayan an yi sadakar arba'in ɗinta.

Shi da kansa ya kai littafin Damagaram. Ya tarar da kafintan a shagonsa yana haɗa ƙofa. Mutumin ya karɓa ya ce a dawo jibi. Da ya dawo sai kafintan ya miƙo masa abinsa, ya ce ashe har ta mutu ba ta yarda ta yi laifi ba.  Ɗan jaridar ya rantse ba haka ta faɗa ba, ya roƙi a jira shi. Ya koma Kano ya zazzage kwalin kaset, ya samo wanda ke ɗauke da sunanta da kwanan watan, ya sake kama hanya, don zumuɗi bai ko tsaya saurara ba. A shagon aka kashe injin yankan katako, ya danna rikoda. Muryar wani matashin jarumi ce ta fito, yana dariya yana tallar sabon fim ɗinsa. Ya juya ɗaya gefen, nan ma shi ne. Haka muke yi a lokacin, da zarar aiki ya fita sai a ɗora sabuwar hira a kan tsohuwa, kuma shi bai ma tuna ranar da ya yi ba.

Sai ya zauna a kan benci ya faɗa masa da baki duk abin da ta ce, yana faɗa yana hawaye. Kafintan ya saurara har ƙarshe, bai katse shi ba. Sannan ya ce, "Malam, ban ce ƙarya kake yi ba. Amma na littafin daga gare ka ya fito, wannan ma daga gare ka. Wanne zan ɗauka? Da muryarta na ji, ko kalma ɗaya ce, da na gane." Ya ɗauki zartonsa ya koma bakin aiki.

Wannan abu yana ba ni baƙin ciki har yau. Matar ta yi abin da ya fi wuya ga ɗan Adam, ta buɗe baki ta amsa laifinta, sai ga shi mai ƙaunarta ne ya tare maganar a hanya, ba maƙiyi ba. Ba ta samu yafiyar ba, ɗan kuma bai samu uwar ba. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.