Rigar da Ta Ƙi Bushewa

A Bani Malik, matan unguwarmu ne ke wanke wa samarinmu masu koyon aikin sojan ruwa fararen kakinsu, kyauta. Ƙa'idar Umma ɗaya ce: ba a ninke rigar wanda ke kan teku, rataye ta ake yi har ya dawo.

Wata la'asar ina taya ta kwashe shanya a saman bene. Rana ta busar da komai ƙayau, ban da rigar Haruna, ɗan maƙwabciyarmu Khala Zainabu, wanda jirginsu ya fita tun safe. Hannun rigar na ɗiga. Umma ta tara tafinta, ta ɗanɗana, ni ma na ɗanɗana. Gishiri ne, alhali da ruwan famfo muka yi wankin.

"Yalla, je ki kira min uwarsa," in ji Umma. "Kada ki yi gudu."

Yau atamfa nake sayarwa a kasuwar Bab Makka, kuma ba na yarda da abin da ban auna ba. Amma har yanzu ina jin gishirin nan a harshena.

A ranar nan Khala ta hawo, ta daɗe tana kallon rigar. Ta cire ta daga igiya, ta ninke.