Fiton Na'urar Malam Barau

Hajiya Baraka ta buɗe baki ke nan za ta yi maganar rufin ɗakin da ke yoyo, sai na'urar kunnen mijinta ta saki ƙara: fiiit! Awakin gidan suka taso a guje suka kewaye tabarmarsa.

"Kin gani ko, Hajiya? Muryarki ce ba ta so," in ji Malam Barau, yana tauna goro ta gefen da babu giɓi.

Shekara da shekaru tana magana kamar da bango, don tun yana bin shanu kunnensa ya fara toshewa. Ran da ɗansu Shamsu ya kawo na'urar, har waina ta raba wa maƙwabta a Yankara. Ga shi kunne ya buɗe, ita kuma an rufe mata baki.

Aka kai Malam garin Funtuwa wurin mai gyara. Mai gyaran ya ce sauti ne ke zillewa daga kunne ya koma cikin na'urar, shi ke kawo fiton. Ya kwashe dattin kunne, ya sa robar da ta zauna daram, ya ce a riƙa ɗage hula. A can ko ƙis ba ta yi ba. Suna isa gida Hajiya ta ce, "Malam, rufin nan..." Fiiit! Sai ga awaki.

Ta gwada raɗa. Ta gwada magana ta bayan zana. Ta sha zuma da citta ko muryar ta yi laushi. In cewa ta yi tuwo ya sauka, na'ura lafiya lau. Rufi kuwa, ko maganin hawan jininsa, nan take. Daga baya baiwar Allah ta koma nuni da hannu, tana share hawaye a madafi.

Ran nan bayan azahar barci ya kwashe Malam a kan tabarma. Hajiya ta lallaɓa ta zare na'urorin kunnuwansa duka biyun, ta cire batir, ta ƙulle su a bakin zani, da nufin Shamsu ya mayar da tsiyarsu inda ya samo.

Malam ya farka. Bai ko taɓa kunne ba. Ya ga bakinta yana motsi, yatsanta yana nuna rufi.

Fiiit! Awaki suka taso.

Hajiya ta dubi ƙullin zaninta, sannan ta dubi giɓin tsohon makiyayi, inda sauran fiton ke fita.