Lambar Mai Gari

Laraba ce, rana ta ƙwalle, ruwa ya ɗauke, wake ya fara nuna.

Mumuni ya tare Isma'ila a bakin masallaci, riƙe da ganyen waken da aka cinye rabi.

"Ɗan boko, abinka ba ya aiki. Awaki sun sake shigar mini gona."

Isma'ila ne ya haɗa wa ƙauyensu, can wajen Gidan Sori, manhajar kai ƙara. Ka ga dabba a gonarka, ka danna, saƙo ya tafi wayar mai gari, a turo a kama. Ya yi alfahari da ita. Duk saitinta ya ɗaure shi cikin ƙunshi ɗaya, har da lambar mai gari, don kada kowa ya taɓa ya ɓata. Ranar ɗaurin, a majalisa ya tambayi lambar. Wani daga bayansa ya karanto, shi kuma ya buga, kansa a sunkuye. Daga nan manhajar ta bi wayoyi, wannan ya tura wa wancan.

To ga shi. Mutane na dannawa, mai gari ya rantse bai ga komai ba. In mai gona ya ruga neman shaidu, kafin ya dawo awakin sun ɓace, sai kashinsu. Dattawa suka ce in Isma'ila bai gyara ba kafin Juma'a, kowa ya goge.

Kawunsa Rabo kaɗai ya tsaya masa.

"Ku ƙyale yaro. Abin nan yana da amfani, ku ne ba ku da haƙuri."

Isma'ila ya ji daɗi. Tsohon da a da yake kiran waya kayan shaiɗan, yanzu kullum tasa tana wurin mai caji.

Da la'asar Isma'ila ya kwance ƙunshin a kwamfuta, ya bi saitin ɗaya bayan ɗaya. Komai daidai yake. Lambar ce kawai bai taɓa gwadawa da kunnensa ba.

Washegari da safe ya je gaida Kawu, ya same shi yana shafa cikin akuyarsa, ta yi ɓul-ɓul. Isma'ila na tsugune ya tuna da lambar, ya kira ta.

Aljihun Kawu Rabo ya ɗauki ƙara.