Sunan da Edita Ya Soke

Sau uku Halliru ya sa Idi tafinta ya karanta masa labarin, sau ukun nan bai ji sunansa ba.

Mujallar daga Faransa ta zo, ta gidan wayar Ƙonni, a damunar 1987. Irin mujallun nan ne masu faɗa da gwamnatoci a kan daji da ruwa da hamada. Shafi takwas ta ba kurmin Tozai, itatuwa dubu huɗu da Halliru ya dasa da hannunsa, ya raya su da ruwan jarka a bayan jaki har cikin farin 84, lokacin da ake ce masa mahaukaci. An ambaci mai gari. An ambaci Idi. Kai, har jakin sai da aka faɗi sunansa! Shi kuwa mai aikin, ko'ina sai "wani mutum", sai "mai dashen".

Ba neman suna ne ya dame shi ba. Filin saurar mahaifinsa ce, mutumin da ya tsallaka iyaka tun Halliru yana goye, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, bai kuma bar ko guntuwar takarda ba. Yanzu da wuri ya yi inuwa, sai Dabo dillalin itacen wuta ya tafi gaban kwamitin rabon filaye, wai shi ya sa aka yi dashen, Halliru ɗan ƙodago ne kawai. Kwamiti ya ce kowa ya kawo shaida a rubuce. Halliru ya bugi ƙirji a gaban jama'a, ya ce tasa daga Turai za ta zo.

To, ga ta ta zo. Ran Lahadi Dabo ya yini yana yawo da kwafi a kasuwar Illela, yana nuna wa mutane cewa "wani mutum" ɗin nan ai shi ne.

Da fari Baturiyar da ta rubuta labarin ce Halliru ya zarga. Mako uku ta yi tana binsa cikin rana, ta sha furar gidansu, a gabansa ta rubuta sunansa. Idi ya ce a'a, a aikin jarida ba marubuci ke da maganar ƙarshe ba. Akwai babban edita, shi ke bin rubutu layi layi da jan alƙalami, abin da ya soke ya soku. Ya nuna masa gindin shafin farko, inda editan ya sa harufa biyu kawai maimakon suna.

Wani abu ya ƙara ƙona masa rai. Labarin ya yi zancen tsohuwar rijiya a gindin tsamiya, wadda yashi ya binne tun kafin Halliru ya yi wayo. Shi dai bai taɓa gaya wa Baturiya ba. Ashe da wanda ke kai wa editan nan labari daga gida. Wa zai zama in ba Dabo ba?

Kwana biyu ya kasa cin abinci. Mahaifiyarsa Zuwaira ta ajiye masa kwano ta ce, "Kai wannan, ci mana." Haka take kiransa tun yana yaro, don ɗan fari ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Ya ture kwanon ya fita.

Ya zaunar da Idi ya ce rubuta. Ya kira editan maci amana, ɓarawon zufar talaka, mai kukan hamada daga cikin ofis mai sanyi. Idi ya so ya sassauta, Halliru ya ce wallahi in ya rage kalma ɗaya sun ɓata har abada.

"Ka tambaye shi mi na yi mishi," in ji shi. "Ka ce mishi ko gidansu ba a koya mishi girmama mutane ba."

Wasiƙa ta tafi. Wata guda, shiru. Kwamiti ya zauna, ya juya mujalla gaba da baya, bai ga Halliru a ciki ba. Dabo ya kawo mutum huɗu suka rantse masa. Aka ba shi kurmi.

Ranar da gatari ya fara sauka, Halliru yana tsaye a bakin hanya. Da gawon da ya fara dasawa suka fara. Bai yi kuka ba, amma a nan ya ɗaga hannu ya bar editan da Allah, ya ce bai yafe ba duniya da lahira.

Kwana tara bayan haka Idi ya zo da babban ambulan. A ciki akwai takarda mai hatimi, da sa hannun Baturiya, tana shaida cewa Halliru ne mai dashen. Takardar da ya yi ta nema ke nan, ta zo bayan an sare rabin kurmi. Akwai kuma ainihin rubutunta na tafireta. Ga sunansa nan ɓaro-ɓaro wuri goma sha ɗaya, kowanne an ja masa jan layi a hankali, kamar mai jan yana tsoron yage takardar.

Yana shirin yayyaga su sai wata 'yar takarda ta faɗo. Wannan ba ta bukatar tafinta. Da ajami aka rubuta, Hausar Sakkwato tsantsa, da hannun tsoho.

"Ban san da maganar kwamiti ba, da na sani da na sa wani ya duba shafin. Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa cire sunan mai haƙƙi ba. Sau goma sha ɗaya na yi niyyar in bar naka, hannuna ya ƙiya. Ka tambayi mahaifiyarka ko ita ta taɓa iya kama sunan ɗan farinmu."