Bijimin Huɗa da Ramin Gafiya

Ɗana, ka ce ana yi maka dariya don ka tsaya gyaran abin da mutane ba sa gani? Bar su su yi ta yi har haƙoransu su bushe. Zauna in ba ka misali.

Wasu manoma biyu ne ke kiwo a bakin fadama, kowa da gefensa. Ɗaya yana da bijiman huɗa biyu, ƙosassu, irin waɗanda ake tsayawa kallo. Ɗayan kuwa saniya guda gare shi, mai ciki, ita ke nan abin da ya mallaka. Da rani gafiya ta shiga wurin ta yi ta haƙa, duk inda ka duba tulin jar ƙasa. Mai bijimai ya ɗauki fartanya ya baje tulin nan, ya bi ya daddanne da ƙafa, fili ya yi sumul kamar tsakar gida, ya ce aiki ya ƙare. Mai saniya ya ƙi. Ya bar kowane tuli inda yake, don shi ke nuna masa inda rami ya bi. Kullum ga shi durƙushe da kaskon wuta, yana cusa ƙaiƙayi da busasshen barkono a rami, yana fifitawa, idanu jawur, tari kamar zai shiɗe. In gafiya ta fito, ya tone ramin har ƙarshe ya cike da tsakuwa. Masu wucewa suka raɗa masa suna Sarkin Yaƙin Gafiya. Maƙwabcin nasa ma har waƙa ya yi masa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ko gezau. Iyakar abin da ya ce, "Ku yi dariyarku. Saniyata ƙafa huɗu gare ta, kuma huɗu za ta zauna."

Ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙe. Mai bijimai ya koro su za shi gona, ya bi da su ta filin nan nasa mai kyan gani. Babban ya taka inda aka baje, ƙasa ta rufta, ƙafar gaba ta shige har gwiwa, sai ji aka yi ƙaras! Ashe rami na nan daram, alamarsa kawai mutumin ya share da hannunsa. Sa mai karyayyar ƙafa kuwa ba shi da magani sai wuƙa, kafin azahar an yi watanda da shi. Ga damina ta kama, ga garma a jingine, bijimi ɗaya ba ya ja. Haka mai waƙa ya koma noma da fartanyar da ya baje tuli da ita, in ya ɗago kai ya hango saniyar maƙwabci tana kiwo, maraƙinta na tsalle a gefe.

Saboda haka tashi ka koma kan aikinka, kada ka saurari kowa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.