Murabus ɗin Sarki Sodangi

Ranar Alhamis Sarki Sodangi ya kwance rawaninsa a zaure, ya naɗe shi, ya miƙa wa liman. Shekara ashirin da biyu yana sarautar Kukar Alu, wani ɗan gari tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. Ƙanensa Rabo na zaune a gefe, ya kasa ɗaga kai.

A 1967 ne. Soja sun karɓe mulki, yaƙin basasa ya ɓarke, ana ta neman samari su shiga soja. Sai ga takarda marar suna ta isa hannun hukuma, wai Sodangi na hana samarin garinsa tafiya, yana ce musu yaƙin ba nasu ba ne. Rabo ne ya rubuta ta da ajami, ya kuma san ƙarya ce. Jira ne ya ishe shi. Furfura ta fara fito masa, amma har yanzu ƙanen Sarki ake ce masa.

Aka kira Sodangi Dutsin-Ma, wani hafsan soja ya shiga ɗaki da shi su biyu. Rabo ya zaci za a daɗe ana bincike. Ko awa guda ba a yi ba wan nasa ya fito, ya ce ya amsa laifi, zai yi murabus.

Aka naɗa Rabo. Sodangi ya koma gonarsa ta gero, masu zubewa gabansa a da suka koma gaishe shi a tsaye. Duk Juma'a shi ke fara zuwa gaisuwa wurin Rabo, ya tuɓe takalmi, ya ce, "Ranka ya daɗe." Rabo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sau uku yana zuwa gonar don ya faɗi gaskiya, su ɓige da hirar damina ya dawo.

Bayan shekara biyu Sodangi ya rasu. Ranar sadakar uku Rabo ya shiga wurin matar marigayin, Turai, ya durƙusa, ya faɗa mata komai. Ya ce abin da ya kasa ganewa shi ne yadda mutum zai amsa laifin da bai yi ba.

Turai ta dube shi ta ce:

"Hafsan ya ce masa in ƙarya ce za su nemo wanda ya rubuta su harbe shi. Sannan ya miƙa masa takardar. Tun layin farko ya gane rubutun hannunka."